Ɗigo a Kan Farcen Inna

Inna ba ta taɓa yarda da nono don kawai fari ne ba. Cewa take yi alli ma fari ne.

Gidanmu yana cikin Sabo, a Ibadan, a wani lungu da kwata ta raba biyu. Ɗaki biyu ne da tsakar gida wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. A nan aka haife ni, kuma ni ce 'yar fari, don haka har Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in kuma ranta ya yi fari ta ce "'yar nan". Baba goro yake saya a ƙauyukan Yarabawa, ya ɗaure huhu a tura Arewa, kwanansa a hanya ya fi na gida. Inna kuwa tun da aka kawo ta Kurmi ba ta fita sai biki ko rasuwa ko asibiti, amma duk Sabo an san furarta. Geron daga kasuwar Shasha ake auno mata. Nonon kuwa har gida Fulani ke kawowa, kuma a nan ne ake yin ta.

Da hantsi mai nono za ta yi sallama, ta durƙusa, a kama mata a sauke ƙwarya. Inna ba ta gaggawa. Sai an gaisa, an tambayi shanu da yara, sannan ta ɗaga faifan ta kai hancinta. Daga nan ta tsoma yatsa ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan farcen babban yatsanta na hagu, ta ɗaga shi saitin ido, ta ɗan karkata. Kindirmo na gaske ɗigonsa zama yake yi kamar ƙwayar carbi, in ma zai motsa, a hankali zai ja jiki ya bar farin sawu a baya. Wanda aka yi wa ruwa kuwa ko karkatawar ba ya jira. To amma tsayawar ɗigo ba ita ce ƙarshen magana ba, don masu wayo sun san yadda ake tsayar da shi. Su zuba ruwa, sannan su kaɗa farin garin 'ya'yan kuka ko dafaffen ƙullun koko, wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira ogi, ya yi kauri har ya fi na gasken kyan gani. Shi ya sa Inna take ɗora yatsanta manuni a kan ɗigon ta murza. In kindirmo ne, maiƙo zai rage a yatsa, farce ya yi sheƙi. In haɗi ne, da farko zai yi yauƙi, yana bushewa ya koma gari-gari, ya bar farce fari fat kamar an shafa toka. Duk shekarun da na yi ina kallonta ban taɓa ganin ta ɗiga ba ta murza ba, ko nonon ƙawarta ne, ko tukunya na ƙonewa a murhu.

"Hanci ana yaudararsa, ido ma ana yaudararsa," in ji ta. "Yatsa ne ba ya jin kunyar kowa."

Ita ma haka take, ba ta jin kunyar kowa. Na sha ganin ta dubi mace tsofai-tsofai da ita ta ce, "Baiwar Allah, saniyar nan taki hantsa gare ta ko famfo?" Wata ta yi dariya ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba, wata ta tsaya rantse-rantse. Mai rantsuwa ta fi ba Inna haushi. Sai ta miƙa mata farcen har gaban hanci ta ce, "Kar ki rantse mini, ga shi nan, rantse masa." Ni kuwa ina gefe ina cura fura, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, don na san gobe a hanyar Islamiyya zan haɗu da matar, kuma ni za ta harara.

Wata rana na ce, "Inna, ɗan ruwa kaɗan me zai yi wa mutum? Ai mu ma da ruwa muke damawa."

Ta ajiye ludayi ta dube ni har sai da na raina kaina. "Ruwan da kika zuba a gaban mai sha, damu ne. Wanda kika zuba a bayan idonsa, sata ce. Ke kin san su wa ke shan furar nan? Mai jego ce, da tsohon da ba shi da haƙori, da majinyacin da ya kasa cin tuwo. Matar da ke cikin ɗaki ba ta ga saniya ba, ba ta ga ƙwarya ba, ni ta sani. Ki ji da kyau, algus ba zai fita ta ƙofar nan ba, ba kuma zai shiga bakina ba har in mutu."

Algus take kiran duk wani haɗi da aka yi a ɓoye. Ina da kamar shekara goma sha ɗaya ta faɗi maganar nan, kuma ba ni kaɗai ta faɗa wa ba, duk unguwar an san ta da ita. Da na san inda maganar za ta kai mu, da na roƙe ta ta sassauta.

A lokacin dai abin alfahari ne. Matan da ke kulle a lungunmu, in za su yi suna ko biki suka sayi nono mai yawa, sai sun aiko da ɗan ƙoƙo an kawo wa Inna ta duba kafin su sallami mai shi. Man shanu ma haka. Ta lakato a cokali ta ajiye a rana, in ya narke garau to shi ne, in ya bar laka a gindin cokalin ta ce an kwaɓa shi da dafaffiyar doya, a mayar wa mai shi ta yi sakwara. Har ma'aikatan duba-gari, waɗanda a nan ake kira wole-wole, sun san da zamanta. Akwai wata Bayarabiya mai farar riga da ta taɓa shigo mana da wani ɗan gilashi mai kama da ma'aunin zafin jiki, ana tsoma shi a madara ya yi iyo, in ya nutse da yawa to an zuba ruwa. Inna ta kalli abin, ta shiga ɗaki ta fito da kwano biyu, ɗaya madara zalla, ɗaya kuma ta yi masa ruwa da ƙullu da hannunta don gwaji. Gilashin ya tsaya a wuri ɗaya a duka biyun. Matar ta riƙe haɓa tana ta "Ha! Mama!" Inna kuwa ta zubar da haɗin a kwata, ta wanke kwanon sau uku, ta yini tana murmushi ita kaɗai. Sau ɗayan nan ne na ga ta yi haɗi a rayuwarta.

Mutum ɗaya ce nononta bai taɓa faɗuwa a farcen Inna ba. Adda muke ce mata, yadda Fulani ke kiran babbar yaya. Doguwa ce siririya, rugarsu tana can gefen hanyar Oyo, kuma Yarabancinta ya fi Hausarta nesa ba kusa ba. Sau uku a mako take zuwa. Ta shigo motar farko, ta sauka a Mokola, ta tako da ƙafa da ƙwarya a ka ba ta ko dafa ta. Ƙwaryar nan tsohuwa ce, ta yi ja saboda hayaƙi da shekaru, an ɗinke tsagar da ke bakinta da zare. In aka ɗaga faifan, ƙamshin ruga ne ke cika tsakar gidanmu, hayaƙin itace da ɗanyar ciyawa da jikin saniya. Inna ta ɗiga, ta murza, Adda tana kallon sama tana cewa, "Murza dai, murza, wata rana yatsan zai ƙare." Sannan su zauna su fasa goro, Inna ta ɗumama mata tuwon jiya, su yi ta hira da harshe uku a haɗe. Da aka haifi autanmu, Adda ce ta kawo man shanu cike da ƙoƙo ta ƙi karɓar komai. Da 'yar Adda za ta yi aure, Inna ta ciro atamfa daga ƙasan akwatinta ta ba ta. Inna ba ta da 'yar'uwa a Kurmi, kuma ina jin Adda ce ta tsaya mata a wannan gurbin.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin abubuwa suka fara juyewa. Komai ya yi tsada, kuɗin mota ya hau, sai ga wani sabon nono ya cika Sabo. A cikin gari ake yin sa, ba saniya ko ɗaya. Madarar gari ta awo za a dama da ruwan ɗumi, a zuba ɗan tsohon nono a rufe ya kwana, da safe a ƙara ƙullu da sukari. Fari tas, sumul, ba ƙamshi ba wari, ga araha. Wasu har a ƙwarya suke zuba shi su ɗora faifai, wai su ma daga ruga suke. Inna ta ce wannan ba nono ba ne, kunun kanti ne, kwana biyu za a yi yayinsa a bari. Har yau ba a bari ba.

Ranar da abin ya faru rani ne, ana zafi. Adda ta shigo ba ta yi barkwancin da ta saba ba, gaisuwar ma a taƙaice, na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Na kama mata muka sauke. Inna ta shinshina ta gyaɗa kai. Ta ɗiga, ɗigo ya tsaya. Ta murza, tana ma cikin ba Adda labarin wata maƙwabciya, sai na ji maganar ta tsaya a tsakiya. Ta dubi farcen. Ta sake ɗigawa a na dama, ta sake murzawa, ta hura masa iska ya bushe. Fari fat.

"Adda," in ji ta a hankali, "me ke cikin nonon nan?"

Adda ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Ba ta rantse ba, wannan kam na shaide ta. Ta ce shanun da ake tatsa saura biyu. Wasu an sayar, wasu ciwo ya kashe, ragowar kuma mazan rugar sun kora su sun yi nisa neman ciyawa, don gonaki da gine-gine sun cinye makiyaya. Abin da ta tatsa bai rufe gindin ƙwarya ba.

"In na zo da shi kaɗai, ko motar komawa ba zai kai ni ba," in ji ta. "Rabi na saniya ne. Kuka ce kaɗan, kuka ba ta kashe mutum."

"Da kin faɗa mini tun a bakin ƙofa."

"Da na faɗa, za ki saya?"

Amsar a fili take. Inna ta ce, "Da ludayi ɗaya kika kawo na gaske, da na karɓa na gode. Shekara nawa ina ce wa mutane nonon Adda ne? Da bakina nake faɗa." Ta mayar da faifan ta rufe ƙwaryar da kanta. "Ke, kama mata."

Na kama mata. Garin ɗauka nonon ya ɗan zuba a kafaɗar Adda. A bakin zaure ta juyo kamar za ta yi magana, sai ta fasa. Tuwon da Inna ta ɗumama mata yana nan a rufe har la'asar, ni na juye wa kaji.

Na ji haushin Inna a ranar, kuma har yanzu da nake rubuta wannan ban gama hucewa ba. Tana da gaskiya, ban taɓa cewa ba ta da ita ba. Amma mace ta yi shekara goma sha tana ɗauko miki kaya a ka tun daga hanyar Oyo, rana ɗaya yunwa ta tura ta, ki ce a kama mata? Na faɗa mata haka da yamma, iya yadda 'yar fari ke faɗa wa uwa magana, wato ina kallon tukunya. Ta ce, "Ba ita na kora ba, nonon na kora. In ta kawo na gaske gobe, tabarmarta na nan." Adda ba ta dawo gobe ba, ba ta dawo jibi ba. Fulani da kunya, ai an san su. Inna ta yi wata da watanni tana ɗaga kai duk lokacin da aka yi sallama da hantsi.

Daga nan sana'ar ta fara ɗingishi. Yau a samu na gaske a wurin wata baƙuwa, a yi kwana uku ba a samu ba. Ranar da aka rasa, Inna ba ta dama wa kowa, curin fura kawai take sayarwa, ta ce kowa ya je ya nemo nononsa, alhakin ba a wuyanta ba. Mutane kuwa ba su da lokacin wannan. Ga wata can ƙarshen layi tana damawa da na madarar gari, har da ƙanƙara. Ni kaina da aka yi mini aure a nan cikin Sabo, na garin nake saya wa maigidana, don shi yake so, sai dai in Inna ta tambaye ni in ce ba ma shan fura sosai.

Abin da ya karya ta ba rashin nonon ba ne. Wata rana na zo wuni, aka yi sa'a ta samu kindirmo mai kyau, farce har ɗaukar ido yake. Ta dama wa wata amarya da ke bayan gidanmu, haifaffiyar Sabo. Ba a jima ba sai ga amaryar ta leƙo ta kan katanga da kwanon a hannu.

"Mama, e ma binu, ki yi haƙuri, nonon nan ya lalace fa. Wani irin wari yake yi. Abi, ko an saka wani abu ne a ciki?"

Inna ta ce, "Warin me?"

"Kamar na saniya dai."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga fuskar Inna. Ta karɓi kwanon. Ta zauna a kan turmi da shi a cinya har furar ta kwanta ruwa ya taso sama. Yarinyar ba rashin kunya ta yi ba, duk waɗanda suka tashi a lokacin haka bakinsu yake, na garin suka sani a matsayin nono. Can da daɗewa Inna ta ce, ba ma da ni take ba, "To wa nake tsare wa?"

Ba ta rufe sana'ar rana ɗaya ba, sana'ar ce ta yi ta raguwa har ta ɓace. Baba ya rasu. Ciwon sukari ya kama Inna, ya fara da ƙafa, ya hau ido. Zuwa tsakiyar shekarun casa'in ba ta bambance komai sai haske da duhu, bakinta kuma ya mutu, ta ce komai ɗanɗanon takarda yake yi mata. Amma hali zanen dutse. In wani ya kawo mata nono dubiya, sai ta lalubo kwanon, ta ɗiga, ta ɗaga yatsan ta ce, "Ke, duba mini, ya tsaya?" In na ce ya tsaya, ta murza, ta jira ya bushe, ta ce a kai wa yara. "Idona ne ya mutu," in ji ta, "yatsana na nan." Haka ta yi shekaru nono bai wuce maƙogwaronta ba.

A ranin ƙarshe ta kwanta sosai. Na dawo gida da izinin maigidana ina jinyarta. Tuwo ba ya wucewa, kunu ta kurɓa biyu ta kau da kai. Likita ya ce in ba ta ci ba, magani ba zai yi aiki ba. Wata safiya ina goge mata jiki ta ce, "'Yar nan, da zan samu kindirmo irin na Adda, ko ludayi biyu ne, ina jin zai zauna mini." Rabon da in ji ta ambaci Adda tun ranar da na kama mata ƙwarya.

Na ɗauki mayafi. Lokacin ana wahalar mai, motoci sun yi layi a gidajen mai kamar ba za su sake tashi ba. Na bi masu nono na Sabo da na Mokola ɗaya bayan ɗaya, ina ɗigawa ina murzawa a gabansu yadda na tashi na gani, suna hararata yadda aka harare ni ina yarinya. Duk gari-gari yake bari a farce. Wata ma ta ce mini, "Hajiya, in saniya kike nema ki tafi Bodija, can ake yanka su." Kashegari na samu danfo, ƙaramar motar haya, da ƙyar na bi hanyar Oyo, na sauka inda Adda ta sha kwatanta mana. Babu ruga. Harsashin gini ne ko'ina, bulo a jere, da allunan masu fili. Wani mai gadi ya ce Fulanin sun tashi tuntuni, amma akwai wata tsohuwarsu da ke zama a Shasha.

A Shasha na same ta, a bayan masu tumatir da albasa, zaune gaban bokitin roba mai murfi. Ta tsufa, ta ƙanƙance. Ita ta fara gane ni. Muka gaisa, ta tambayi Inna, na faɗa mata. Na miƙa yatsa zan tsoma a bokitin, ta riƙe mini hannu.

"Kar ki wahalar da yatsanki. Na madarar gari ne. Ko akuya ba ni da ita."

"Adda, ko ina ne ki faɗa mini, zan je."

"A ranin nan? Masu shanun sun yi kwana da kwanaki a daji. In ma kin samu mota, kafin ki je ki dawo…" Ba ta ƙarasa ba. Ta tambaye ni kwana nawa Inna ta yi ba ta ci ba, na ce huɗu.

Ta tashi ta ce in jira. Ta dawo da wani abu naɗe a tsohon zane. Ƙwaryar ce, da ɗinkinta. Ta ce ta daina fita da ita, don ta kasa zuba na gari a cikinta. "Ƙamshin yana jikinta. Ki kwanar da shi a ciki, hancinta zai yarda. Baki kin ce ya mutu. Ɗigo kuwa kin san yadda ake tsayar da shi, ke 'yarta ce." Ta ɗaga babban yatsanta ta dube shi. "Wannan ne ba ni da maganinsa."

Na ce ta zo mu tafi tare. Ta girgiza kai. "Sau ɗaya na yi mata. Ba zan tsaya in ga na biyu ba."

A nan Shasha na sayi madarar garin. Kafin in saya na murza ta ita ma, na ji an cakuɗa ta da fulawa. Na zaga rumfa huɗu, na ɗauki wadda fulawarta ta fi ƙaranci. Haka abin ya koma, mai algus ma algus ake sayar masa. A gida na dama ta a bayan ɗaki inda Inna ba za ta ji motsi ba, na zuba ɗan tsohon nonon da Adda ta ɗibar mini, na rufe a ƙwarya. Da safe ya kama, amma bai yi kaurin da zai zauna a farce ba. Na san abin da ake yi. Wa ya fi ni sani? Shekara da shekaru ina zaune a gefen wadda ta fi kowa sanin dabarun nan, tana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya don kada a cuce ni. Na dafa ƙullu cokali biyu, na tace, na kaɗa da maburgi har ya ɓace a ciki. Na gwada a farcena, ya tsaya. Na murza, ban jira ya bushe ba na goge.

Ina yi ina kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne, na haushi ne. Haushinta nake ji da ta ɗaure kanta da magana tun ina yarinya, da haushin garin da saniya ta ƙare a cikinsa sai ta yanka. Wanda ya fi ci mini rai shi ne yadda hannuna ya iya aikin da kyau.

Da hantsi na shiga da ƙwaryar. Na tallafo Inna na jingina ta da matashi. Ina ɗaga faifan ta ɗago kai.

"Wannan ƙwaryar Adda ce."

"Ita ce, Inna."

Ta lalubo bakin ƙwaryar, ta bi shi da yatsa har ta kai kan ɗinkin, ta tsaya a wurin. "Tana raye?"

"Tana raye. Tana gaishe ki."

"Shanun sun dawo ke nan."

Na shiga gyara mata matashi, ita ma ba ta sake tambaya ba. Ta tsoma yatsa, ta ɗiga a farce, ta ɗaga shi wajen da take jin numfashina.

"Ke, duba mini. Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Inna."

Wannan kam ban yi ƙarya ba. Yana nan zaune a kan farcen kamar ƙwayar carbi. Na ga yatsanta manuni ya taso ya nufo shi yadda ya saba tun kafin a haife ni. Ya zo har ya kusa taɓawa, sai ya tsaya. Ban san tsawon lokacin da ya yi a wurin ba. Wani mai okada yana ta danna hon a lungu, ana daka a gidan amaryar nan. Sannan ta sauke hannun a hankali, ta goge farcen a gefen zanenta.

"Ba ni ludayi," in ji ta.

Ta sha uku. A na huɗu ta kau da kai ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ki gaya wa Adda na sha."

Kwana tara ta ƙara bayan nan. Kullum da hantsi tana shan ludayi biyu ko uku daga ƙwaryar, ni kuma kullum ina komawa bayan ɗaki. Ba ta sake ɗigawa ba, ba ta sake tambayata ko ya tsaya ba. Har yau ban san ko yafe mini ta yi, ko Adda ta yafe wa, ko gajiya ce kawai ta yi. Abin da na sani shi ne ƙanƙanin abu ɗaya ya rage mata a duniya, ta riƙe shi bayan ciniki ya tafi, ƙawa ta tafi, ido ya tafi, kuma ni na karɓe shi da hannuna. Saƙon Adda ma ban isar ba. Na koma Shasha daga baya har sau biyu, wata ce daban zaune a wurin da nata bokitin, ta ce ba ta san ta ba.

Ranar sadakar uku tsakar gidanmu ta cika da tsofaffin matan Sabo, waɗanda suka sha furarta a jegonsu. Kowacce ta zo ta durƙusa kusa da ni, maganar ɗaya ce. Allah ya jiƙanta, mace ce da ta ce algus ba zai shiga bakinta ba har ta mutu, kuma ta cika. Ina ta amsawa da amin. Ƙwaryar tana bayana a kife, na wanke ta sau uku.